Masu Fim da Raunin Gida: Kisan Yahudawa a Sinimar Bayan Yaƙi



Gwamnatin Nazi ta Jamus ta hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6 a yaƙin duniya na biyu, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka mayar da wannan tarihi fim, abin ya shiga gidajensu. Abin da nake so mu duba shi ne yadda kusancin mutum da masifar ke zaɓar masa inda zai kafa kyamara.

Wanda Jakubowska 'yar ƙasar Folan ce, an tsare ta a sansanin Auschwitz saboda siyasa. A 1947 ta koma cikin sansanin ta ɗauki fim ɗin Ostatni etap, wanda ya fito a 1948, har da tsofaffin fursunoni cikin masu fitowa. Ta kalli wurin ido da ido, amma da yake 'yar gurguzu ce, jarumtar fursunonin siyasa ta fi ɗaukar hankalinta.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Ján Kadár na Cekoslobakiya. Bayahude ne, an sa shi aikin tilas, iyayensa kuma sun mutu a Auschwitz. Duk da haka a fim ɗin Obchod na korze, wanda ya shirya tare da Elmar Klos a 1965, ba a ga sansani ko sau ɗaya ba. Labarin wani kafinta ne talaka, Tono, a wani ƙaramin gari na Sulobakiya a 1942, wanda hukuma ta damƙa wa shagon wata tsohuwa Bayahudiya mai sayar da maɓallai. Tsohuwar ba ta ji sosai, ta ɗauka ɗan aiki aka kawo mata, tana ba shi abinci. Ranar da aka tara Yahudawan garin za a kwashe su, tsoro ya ruɗa Tono, ya ingiza ta cikin ɗan ɗaki don ya ɓoye ta, ta faɗi ta mutu, shi kuma ya rataye kansa. A ganina, Kadár ya san iyayensa sun bi ta gaban maƙwabta irin Tono kafin a kai su jirgin ƙasa, shi ya sa ya tsare maƙwabcin da ido. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar a 1966.

Roman Polanski kuwa yana yaro ya tsere daga unguwar da aka killace Yahudawan Krakow, an kashe mahaifiyarsa a Auschwitz. Sai da yaƙin ya yi shekara fiye da 50 da ƙarewa ya taɓa batun, a fim ɗin The Pianist na 2002. Ko a lokacin ma bai ba da labarin kansa ba, ya ari na makaɗin fiyano Władysław Szpilman, kuma ya bar Krakow ya kai labarin Warsaw.