Tiyata, Maganin Sa Barci da Garkuwar Jiki



Tun ranar 16 ga Oktoba, 1846, da William Morton ya shaƙa wa wani mara lafiya maganin sa barci a Boston ta Amurka, aka yi masa aiki bai ji zafin wuƙa ba, tiyata ta sauya kama. Sai dai ko mutum bai ji ba, jikinsa ya san an yanka shi. Batun da zan yi magana a kai ke nan.

Fararen ƙwayoyin jini su ne dakarun jiki. Kashi ɗaya, nutrofil, kan fara isa wurin rauni su haɗiye ƙwayoyin cuta, su kashe su da wata guba da suke haɗawa daga iskar oksijin. Wani kashin, limfosait, shi ke gane abokin gaba ya tsara yaƙin. Da zarar wuƙa ta shiga, jiki kan kwararo sinadaran firgici, wato kotizol da adirenalin. Nan take nutrofil su ƙaru a cikin jini, limfosait kuwa su ragu, ƙarfinsu ya yi ƙasa na wasu kwanaki. Gwargwadon girman aikin, gwargwadon wannan rauni.

Magungunan ma suna da nasu hannun. Mofin, wato maganin kashe zafi, da wasu magungunan barci na shaƙa kan rage kuzarin ƙwayoyin da ke farautar cutar daji. Amma kada mu ɗora musu laifin da ya fi ƙarfinsu: wani babban bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2019, kan mata fiye da 2,000 masu sankarar mama, ya nuna cewa sauya salon sa barci bai rage dawowar cutar ba. Rauni, zafi, sanyi da zubar jini sun fi maganin yi wa garkuwa illa.

Ku dubi sanyi kaɗai. Wanda aka sa barci jikinsa kan huce, jijiyoyin fata su tsuke, oksijin ya ragu a bakin yanka. A binciken Kurz da Sessler na 1996, ciwo ya yi mugunya a kashi 19 cikin 100 na waɗanda aka bari suka yi sanyi, amma kashi 6 kacal a waɗanda aka ɗumama.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2016 cewa a Afirka, har kashi 20 cikin 100 na matan da aka ciro wa jariri ta tiyata kan gamu da ruɓewar ciwo.

Saboda haka roƙona gare ku, 'yan'uwa: a ɗumama mara lafiya, a ba shi maganin ƙwayoyin cuta kafin a yanka, a daidaita sugansa, a kashe masa zafi yadda ya kamata, kada kuma a yi ƙarin jini sai da dalili. Ku kuma masu jinya, ku kula da abincinsa da tsabtar ciwon, musamman a makon farko. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.