Jawabin Kwamitin 'Yan Canji a Taron Wata-Wata, Sabo, Ibadan

 

Maganar da ta kawo mu ita ce cinikin kuɗin kirifto da samarinmu suka tsunduma ciki. Bari mu fara da inda doka ta tsaya, domin ana ta ruɗu a kai. A Fabrairun 2021 Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da masu wannan ciniki. To, ciniki bai mutu ba, sai ya koma hannu da hannu: ka tura naira asusun wani, shi kuma ya sakar maka USDT, kuɗin intanet da aka ɗaure darajarsa da dala. A Disambar 2023 aka janye hanin. Amma a Fabrairun 2024, naira na ta faɗuwa, aka toshe shafin Binance, aka tsare ma'aikatansa biyu a Abuja, a Maris kuma kamfanin ya daina hulɗa da naira. A Agustan shekarar hukumar SEC ta ba Busha da Quidax izinin farko, sannan dokar 2025 ta sa harkar a ƙarƙashin hukumar.

Ke nan akwai ƙofar gaba, amma yaranmu sun fi son ta baya. Wani ya sa VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake. Wani kuwa a Telegram yake ciniki da wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Jama'a, iyayenmu fatake sun yi cinikin goro da shanu a kan bashi a garin nan, amma da mai gida a tsakani. Shi ya san mai saye, shi zai bi kuɗin, in abu ya ɓaci a zo gaban Sarki. A wannan kasuwa, wa za mu kira fada?

Abin da ya fi damun mu shi ne aron asusu. Yaro zai ce, "Baba, ba ni lambar asusunka, za a turo mini kuɗi." Bara haka ta faru da wani dattijonmu mai goro. Ashe kuɗin da aka turo na damfara ne, banki ya rufe asusun har da jarinsa a ciki, ya yi watanni yana sintiri. Yaron bai saci ko kwabo ba, USDT kawai ya sayar. Amma sunan Baba ne a takarda.

Saboda haka muna roƙo, kada kowa ya ba da aron asusu ko lambar BVN, ko da ɗan cikinsa ne. Wanda aka riga aka rufe wa asusu ya same mu ranar Juma'a bayan La'asar, ya zo da takardar da banki ya ba shi.