Idan Nakuda Ta Yi Tsanani: Me Doka Ta Ce Game da Ran Uwa?



Tambayar da ta tara mu yau ita ce: yaushe ne doka take ƙirga ɗan da ke ciki a matsayin mutum? Kada a ce wannan zancen lauyoyi ne, domin amsarta takan taɓa ran matanmu.

A shekarar 1983, ƙasar Ayalan da ke maƙwabtaka da Ingila ta rubuta a tsarin mulkinta cewa ran ɗan tayi daidai yake da na uwarsa. A 2012 wata likitar haƙori 'yar Indiya, Savita Halappanavar, baƙuwa a can kamar yadda muke baƙi a nan, cikinta na mako 17 ya kama hanyar ɓarewa. Likitoci suka ƙi cire shi saboda zuciyar ɗan tana bugawa, har cuta ta shiga jininta, ta rasu. A 2018 jama'ar ƙasar suka kaɗa ƙuri'a aka soke wannan sashe.

Mu a Nijeriya, sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin rayuwa, amma bai faɗi lokacin da mutum yake farawa ba. Dokar manyan laifuka ta Kudu, a sashe na 307, ta ce yaro yakan zama mutum ne idan ya fito daga jikin uwarsa da rai. Wannan bai halatta zubar da ciki ba: sashe na 228 ya tanadi ɗaurin shekara 14 ga mai zubarwa. Sai dai sashe na 297 ya ce babu laifi a kan wanda ya yi aiki da kyakkyawar niyya da kula domin ceton ran uwa. Malamai da dama ma sun yi fatawa cewa idan ran uwa na cikin haɗari tabbatacce, ita ake fara ceta.

Saboda haka magidanta, idan jini ya ɓalle wa iyalinku, kada tsoron 'yan sanda ko na baƙunta ya sa ku zaunar da ita a gida. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Ku kai ta, idan an nemi sa hannu ku sa da wuri.

Allah Ya sauki matanmu lafiya.