Shugabancin Ikilisiya da Ikon Littafi Mai Tsarki

Ɗarikun Kirista sun yi ittifaƙi cewa Littafi Mai Tsarki maganar Allah ce, kuma shugaban ikilisiya yana ƙarƙashinta. Saɓaninsu yana kan wanda ke da hurumin yanke hukunci idan fahimta ta rabu biyu. Amsar da kowace ɗarika ta bayar ita ce ta haifi tsarin shugabancinta.

Sabon Alkawari ya ambaci masu kula da ikilisiya, da dattawa, da masu hidima. A wasiƙun Bulus zuwa ga Timoti da Titus an jera sharuɗɗan shugaba: kamun kai, karɓar baƙi, iya koyarwa, riƙe iyali da kyau, da nisantar maye da son kuɗi. Yawancinsu na hali ne. Sura ta 15 ta Ayyukan Manzanni ta nuna yadda manzanni da dattawa suka taru a Urushalima suka warware gardamar yi wa masu bi waɗanda ba Yahudawa ba kaciya, suna kafa hujja da Tsohon Alkawari. Sura ta 17 kuwa ta yaba wa mutanen Biriya saboda sun riƙa auna wa'azin Bulus da nassi.

A Cocin Katolika, nassi da al'adar da aka gada daga manzanni suna tafiya tare, fassara ta ƙarshe kuwa tana hannun Paparoma da bishop-bishop. Majalisar Trent (1545 zuwa 1563) ta tabbatar da haka, Majalisar Vatikan ta Biyu kuma ta ƙara bayani a 1965 cewa masu koyarwa bayin maganar Allah ne. Martin Luther, wanda ya soki sayar da takardun yafe horon zunubi a Jamus a 1517, ya tsaya a kan cewa Paparoma da majalisu suna iya kuskure, don haka nassi kaɗai ne alƙali.

Matsayin Luther bai kawar da buƙatar shugaba ba, sai ya sa aka nemi hanyar yi masa linzami. Angilikan sun riƙe bishop amma suka haɗa shi da majalisar da 'yan coci ke da ƙuri'a a cikinta. Firesbiteriya sun danƙa iko ga zaɓaɓɓun dattawa, fasto yana ɗaya daga cikinsu. Baptis sun bar shi ga taron ikilisiya, wanda ke kiran fasto yana kuma iya sallamarsa. Da yawa daga cikin cocin Fentikos suna kewaye da wanda ya kafa su, kuma a nan ne aka fi kokawa da rashin mai tsawata wa shugaba.

A arewacin Nijeriya, fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ta sa manomi da mai bishara na ƙauye suka iya karanta nassi ba tare da jiran Bature ba. Cocin ECWA, wadda ta tsiro daga aikin mishan ɗin SIM ta kuma tsaya da ƙafarta a 1954, tana gudana ta majalisu hawa-hawa, daga ikilisiya zuwa gunduma har hedikwata a Jos. Byang Kato, tsohon babban sakatarenta da ya rasu a 1975, ya yi suna wajen kare fifikon nassi a kan al'ada.

Gardamar tana nan da ranta. A 2008 bishop-bishop na Angilikan daga Nijeriya, ƙarƙashin Peter Akinola, sun ƙaurace wa taron Angilikan na Lambeth a Ingila, suka halarci wani taro dabam mai suna GAFCON a Urushalima, bisa hujjar cewa wasu cocin Amurka da Kanada sun kauce wa nassi a kan luwaɗi da aure. A ƙananan ikilisiyoyi ma ana jayayya kan naɗa mata fasto, da zakka, da wa'azin arziki, kowane ɓangare da ayarsa. Shi ya sa ɗariku ke dogara da horar da fastoci a makarantun tauhidi, da rubutaccen tsarin mulki, da binciken kuɗin baiko, da kuma azuzuwan nazarin Littafi da ke ba 'yan coci damar auna abin da ake faɗa musu daga bagade.