Cinikin Liverpool na 2010: Yadda Mai Bin Bashi Ya Sallama Kayan da Ba Nasa Ba

 

An nemi in yi magana a kan yadda ake yi wa kadara kuɗi idan bashi ya yi mata katutu. Na zaɓi kulob ɗin ƙwallon ƙafa, don na san da yawanku daga nan gidan kallo za ku zarce. Magoya bayan Liverpool su yi haƙuri, yau tsohon miki za mu fama.

A watan Fabrairun 2007 wasu attajiran Amurka biyu, Tom Hicks da George Gillett, suka sayi Liverpool a kan kusan fam miliyan 219, har da bashin da suka tarar. Suka yi alkawarin cewa cikin kwana sittin za a fara haƙa harsashin sabon filin wasa a Stanley Park. Har suka bar kulob ɗin ba a ɗora bulo ko ɗaya ba. Abin da magoya baya ba su gane da wuri ba shi ne, kuɗin sayen ma rance ne daga banki, kuma aljihun kulob ɗin aka sa wa ido ya riƙa biyan kuɗin ruwa. Kamar mutum ya ci bashi ya sayi saniya, sannan ya ce da nononta za a biya. Kuɗin ruwan ya kai wajen fam miliyan 40 a shekara. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

To, ta yaya ake yi wa kulob kuɗi? Mai saye yakan duba hanyoyin shigar kuɗi: tikitin 'yan kallo, kason talabijin, da tallan kamfanoni. A wancan lokaci Anfield, filin Liverpool, na ɗaukar mutum wajen dubu 45, Old Trafford na Manchester United kuwa dubu 76, don haka kowane wasan gida Manchester United na yi musu fintinkau. Sai kuma 'yan wasa, waɗanda kadara ce mai ƙafa: yau ɗan wasa ya kai fam miliyan 30, gobe ya karye a gwiwa. A Liverpool, Xabi Alonso ya tafi Real Madrid a 2009, Mascherano ya bi hanyar Barcelona a 2010, kulob ɗin ya ƙare na bakwai ya rasa gurbin gasar zakarun Turai da kuɗinta. Idan an gama wannan lissafi sai a cire bashi. Abin da ya rage shi ne na mai kaya, in ya rage.

Amma akwai abin da ba ya cikin littafin lissafi, kuma a nan nake so ku ba ni kunnuwanku. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ranar kasuwa ya san bambancin mai sayar da sa don ya ga dama da wanda mai bin bashi ke tsaye a bayansa. Na farko in an taya bai yi masa ba, sai ya ce albarka, ya ja igiyarsa ya koma gida. Na biyun, da rana ta yi sanyi dillali ma ya san zai sallama. Hicks ya riƙa ambaton fam miliyan 600 har zuwa sama. Sai dai bankin Royal Bank of Scotland na bin su wajen fam miliyan 237, kuma wa'adin biya 15 ga Oktoban 2010 ne. In ya wuce, banki na iya ƙwace ragama, a kuma zabtare wa kulob maki tara, alhali yana can ƙasan tebur a hannun koci Roy Hodgson. Wane mai saye ne zai biya 600 yana kallon wannan agogo?

Tun a watan Afrilu bankin ya sa an naɗa Martin Broughton, shugaban kamfanin jiragen British Airways na lokacin, ya jagoranci hukumar kulob ɗin da nufin sayarwa. Da tayin John Henry, mai ƙungiyar Boston Red Sox, ya zo a kan fam miliyan 300, daraktoci uku suka amince, masu kulob biyu suka ƙi. Hicks ya yi yunƙurin korar biyu daga cikin ukun ya sa ɗansa da wata ma'aikaciyarsa. Babbar kotu a Landan ta ce ba shi da wannan iko. Ya garzaya wata kotu a Dallas ya samo umarnin dakatar da ciniki, wannan ma bai kwana biyu yana aiki ba. Ranar 15 ga Oktoba aka sallama. Mafi yawan kuɗin bankuna suka kwashe, Hicks da Gillett suka tafi da asarar sama da fam miliyan 100.

An cuce su? Su dai sun ce an yi musu fashi da rana tsaka. A ganina kulob ɗin ya fi fam miliyan 300 daraja, domin magoya bayan da ke cika gidajen kallo daga Kano har Bangkok ba su gudu ba. Amma ba su da bakin kuka. Ranar da suka jinginar da kulob ɗin ga banki, ranar suka miƙa ikon cewa albarka.

Ku ɗalibai, in kun ji an sayi kulob a kan fam ɗaya kada ku yi dariya. Haka aka sayi Rangers ta Glasgow a 2011, sabon mai shi ya biya bashin banki na fam miliyan 18 da kuɗin tikitin shekarun da ba su zo ba, a 2012 kamfanin ya rushe, kulob ɗin ya koma rukuni na huɗu. Ku riƙa tambayar nawa ake bi, wa ke bi, kuma yaushe ne wa'adi.

Liverpool ɗin da aka sallama a fam miliyan 300, a 2023 mujallar Forbes ta yi mata kuɗi sama da dala biliyan 5.