Baƙo a Ƙasar Ailan: Ina Zai Koyi Rawarsu?



Batun da aka ɗora mini yau ƙarami ne a ido, watau yadda wanda ya tafi hutu ƙasar Ailan zai sami inda za a koya masa rawar mutanen ƙasar. Amma duk wanda ya shiga neman nan bai san abin da yake nema ba, to guzurinsa zai ƙare, hutunsa ya ƙare, ya komo gida bai taɓa taka rawa da ɗan ƙasa ko sau ɗaya ba. Dalili kuwa, abin da ake kira rawar Ailan ba iri guda ba ne, kuma irin da ya fi suna shi ne ya fi wuyar samuwa ga baƙo.

Wadda yawancinmu muka gani a talabijin ita ce ta mutum ya miƙe ƙyam, hannuwa a manne da jiki, ƙafafu kaɗai ke aiki. Duniya ta san ta ne ran 30 ga Afrilu 1994, sa'ad da Michael Flatley da Jean Butler suka jagoranci wasan Riverdance na minti bakwai a Dablin, a tsakiyar gasar waƙa ta Eurovision. Wannan rawa tana da hukuma, An Coimisiún le Rincí Gaelacha, wadda aka soma kafawa a 1927, ita ke yi wa malamai jarrabawa ta ba su takardar shaida. Makarantunsu galibi yara ƙanana suke ɗauka, su yi shekaru suna shirya su domin gasa, kuma da yawa sukan rufe da hutun bazara. Ka ga ke nan babban mutum mai kwana goma a hannu ba shi da gurbi a wurin. Abin da zai samu cikin sauƙi shi ne darasin sa'a guda da ake shirya wa masu yawon buɗe ido, a haɗa da abinci da kallo. Ban ce laifi ba ne, sai dai duk wanda ke gefenka baƙo ne irinka.

Ƙofar da ke buɗe ita ce rawar taro, kuma tarihinta abin a tsaya a kai ne. A 1893 aka kafa ƙungiyar Conradh na Gaeilge domin raya harshen Ailan da al'adunta, ƙasar kuwa tana ƙarƙashin mulkin Ingila. Dandalin rawa na farko da ƙungiyar ta shirya, wanda suke kira keili, ba ma a Ailan aka yi shi ba, a Landan ne a 1897. 'Yan kishin ƙasan nan suka zauna suka tace raye-raye, suka ce wannan tamu ce, waccan ta aro ce. Cikin waɗanda suka ƙi har da rawar set, ta mutum takwas, maza huɗu mata huɗu, don asalinta wata rawa ce ta Faransa da ta shigo a ƙarni na 19, ko da yake talakawan ƙauye sun daɗe da mayar da ita tasu, suna yinta a ɗakin girki da mararrabar hanya. Daga baya, a 1935, gwamnati ta kafa dokar da ta hana shirya rawar jama'a sai da lasisi, abin da ya karya raye-rayen cikin gida. Da ƙyar set ta tsira a yankuna irin su Clare da Kerry, sai a shekarun 1980 ta farfaɗo ta bazu. Ku duba fa, jama'a: rawar da aka kora don an ce baƙuwa ce, ita ce yau take karɓar baƙo. Mutum bakwai ba su iya yinta sai da na takwas, saboda haka in ka tsaya a bakin fili, wani zai miƙo maka hannu.

To, ina za a nema? Mafari shi ne ƙungiyar Comhaltas Ceoltóirí Éireann, wadda aka kafa a garin Mullingar a 1951. Tana da rassa ko'ina a ƙasar, hedkwatarta tana unguwar Monkstown a Dablin, tana kuma da cibiya mai suna Cois na hAbhna a garin Ennis. Ita ke shirya babban bikin kiɗan gargajiya, Fleadh Cheoil, a watan Agusta, ana sauya masa gari lokaci lokaci. Amma a ganina, wanda ya yi niyyar koyo da gaske ya daidaita hutunsa da farkon watan Yuli, ya nufi Miltown Malbay a Clare, inda tun 1973 ake yin makarantar bazara ta tunawa da makaɗi Willie Clancy. Mako guda ake yi, darasi da safe, da dare kuma a fita fili a gwada abin da aka koya. Garin ƙanƙane ne, sai an kama masauki tun da watanni.

Kafin ka biya ko kwabo, tambayi mai koyarwa ko ajin na sababbin shiga ne, kuma wace rawa ce. Ka tafi da takalmi mai ƙasan fata, don na roba yakan kama daɓe ya hana juyi. Ya kamata kuma in faɗa a fili cewa a set namiji da mace sukan riƙe juna. Wanda bai so haka ba, sai ya nemi shan-nos, tsohuwar rawar yankin Connemara, wadda mutum ke yi shi kaɗai, ƙafa kusa da ƙasa, hannuwa a sake. Haka nan wasu darussan a mashaya ake yinsu, wasu kuwa a zauren taron gari, inda shayi da biskit ake rabawa in an tsaya hutawa.

Ga ma'aikatan da ke cikinmu masu shirin tafiya, Jamhuriyar Ailan ba ta cikin yankin Schengen, kuma mai fasfon Nijeriya sai ya nemi bizarta ta musamman. Belfast da sauran Ailan ta Arewa kuwa suna ƙarƙashin Birtaniya, bizarsu dabam ce.