Gubar Dalma: Darasin Anka da Bukkuyum Ga Mutanen Tambuwal da Kebbe

'Yan uwa na Tambuwal da Kebbe, abin da ya faru a maƙwabtanmu Zamfara a 2010 bai kamata ya fita daga ranmu ba. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, yara sama da 400 suka rasu saboda gubar dalma.

Dutsen da ake haƙowa don neman zinariya yana ɗauke da dalma. Aka riƙa kawo shi cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida, inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ce ba amfanin magani muddin yaro zai koma cikin gubar, don haka sai da aka kankare ƙasar gidaje, aka binne ta a rami, aka zuba sabuwa. Bagega, wani ƙauyen da gubar ta shafa, sai 2013 aka yi mata hakan.

Don Allah, duk matashin da ke zuwa haƙo, kada ya shigo da dutse gida. A niƙa shi a jiƙe, nesa da gari da rijiya, a kuma sauya tufafi kafin a ɗauki yaro.